Motar da Ba Ta Ja da Baya

Babu abin da Hambali mai kayan yaji bai sani ba. Shi ya faɗi haka da bakinsa, kuma da yake duk Koki an rasa mai juriyar da zai bi shi har ƙarshen gardama, sai maganar ta zauna. Rumfarsa a Kasuwar Kurmi kanumfari ne da citta da masoro da kimba, amma idan ka tsaya sayen citta sai ka tafi da bayanin yadda ake tuƙa jirgin sama, da dalilin da ya sa wutar lantarki ba ta zama, da kuskuren da likitan da ya duba ka ya yi. Mota kuwa, ya ce da jin ƙarar inji daga nesa zai gaya maka shekarunta da ciwon da ke damunta. Iyakar tuƙinsa dai wata tsohuwar akori-kura ce ta ubangidansa da ya taɓa ja a ƙuruciya, har ya kai ta jikin katangar wata makaranta. A bakinsa, katangar ce aka gina ba bisa ƙa'ida ba.

Ranar da ya tashi sayen mota, taubashinsa Ɗayyabu mai wankin hula ya ba shi shawara ya tafi da bakanike. Hambali ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce, "Ni zan tafi da bakanike? Ai sai dai bakanike ya tafi da ni."

Shi kaɗai ya nufi kamfanin sayar da motoci na Hasken Titi, can bayan ganuwa. Ya zaga motocin yana ƙwanƙwasa su da ɗan yatsa kamar mai zaɓen kankana, har ya tsaya kan wata ruwan toka 'yar Beljiyam. Aka gama ciniki, aka yi takardu. Mai sayarwar, wani Isyaku, ya leƙo ta taga ya ce, "Alhaji, bari in nuna maka wani abu game da giyarta, don ita irin wannan..."

Hambali ya ɗaga masa hannu. "Samari, lokacin da na fara riƙe sitiyari ko rarrafe ba ka fara ba. Miƙo makulli."

Isyaku ya miƙa. Motar da ma ƙofa take kallo, don haka Hambali ya fice abinsa yana danna hon ba gaira ba dalili.

Koki ta fito kallo. Aka yi ta Allah ya sanya alheri, Allah ya tsare hanya, Allah ya sa a kashe lafiya. 'Yardada, tsohuwar da ke tuyar awara a bakin lungu, ta shafa jikin motar ta bar mata shaidar mai. Hambali ya goge wurin da hannun riga yana murmushin yaƙe, ya kai motar filin da ke tsakanin gidansa da masallacin unguwa, ya tsayar da ita hancinta na kallon bango.

Washegari bayan sallar asuba ya shiga zai fita. Ya taka kuloci, ya tura sandar giya wajen da aka zana alamar ribas, ta ƙi shiga. Ya danna da ƙarfi, ta ƙi. Ya lallaɓa ta, ya zage ta, ya yi mata bisimilla, duk ɗaya. Da ya ga kamar ta shiga ya saki kuloci, sai motar ta yi gaba ta dunguri bangon gidansa har ƙasa ta zubo.

Matarsa Mardiya ta leƙo daga zaure. "Malam, lafiya? Na ji kamar an bugi gidan."

"Zo ki kama mini," ya ce da ita ƙasa-ƙasa. "Maza, kafin mutane su fito."

Haka suka sa kafaɗa, shi da jallabiya ita da hijabi, suka tura motar baya har ta samu wurin juyawa. Mardiya ta tsaya tana haki, ta ce, "Ka mayar musu da abarsu su gyara. Ba ka ce sun ba ka garanti ba?"

"In mayar? A ji a gari cewa Hambali ya shiga cikin motoci ya zaɓo mai ciwo? Ɗayyabu ya ji?"

"To kai ta wajen bakanike a ɓoye."

"Sun ce idan bakaniken waje ya taɓa ta garanti ya tashi. Kuma wane bakanike ne a garin nan ba ya kai wa Ɗayyabu wankin hula?"

Mardiya ta kaɗa kai ta shige gida ta ɗora koko.

Ba a jima ba, wata la'asar ana zaune a majalisar ƙofar shagon Ɗayyabu, huluna jere kan gwangwanaye suna shan rana, sai wayar Hambali ta yi ƙara. Da ya ji an ambaci sunan kamfani, nan da nan ya saka ta a sifika ya ɗora a gwiwa, don kada wani ya yi asarar ji.

"Da Alhaji Hambali nake magana? Sunana Bahijja, daga sashen jin ra'ayin masu sayayya na Hasken Titi."

Iyakar Hambali da Makka rakiyar mahajjata filin jirgi ce, amma bai ga dalilin gyara mata ba. "Da shi kike magana, Hajiya. Na san za ku neme ni."

Ta tambaye shi yadda aka karɓe shi, ya ce kamar ɗan gida. Ta tambayi sanyin cikin motar, ya ce har mura ta kama shi. Ta ce daga ɗaya zuwa goma, maki nawa zai ba ta.

"Goma ce ƙarshe?"

"Ita ce ƙarshe, Alhaji."

"To ku ƙara, ta yi mata kaɗan."

Majalisa ta yi dariya, Hambali ya ƙara miƙe ƙafa. Sai Bahijja ta ce, "Tambaya ta ƙarshe. Ko ka lura da wata matsala, komai ƙanƙantarta? Idan akwai, ka faɗa mana, kamfani zai ɗauke ta ya gyara kyauta muddin garanti bai ƙare ba."

Hambali ya dubi wayar. Ga maganin damuwarsa an miƙo masa har gwiwa, abin da ya rage ya buɗe baki kawai. Ya ɗaga ido ya ga Ɗayyabu ya dakata da goge hula, ya zuba masa ido da burushi a hannu.

"Matsala?" in ji Hambali. "Hajiya, ni na zaɓe ta fa."

"Madalla. Dalilin tambayar, a cikin waɗanda suka gamsu ɗari bisa ɗari kamfani zai zaɓi mutum guda a ɗauki hotonsa da motarsa, a sa a kalandarmu ta baɗi. Za mu sake kiran ka."

Kalanda! Hambali ya san kalandar nan. Babu rumfar da ba a rataye ta a Kurmi, daga 'yan tebur har manyan dillalan fata. Nan take ya hango kansa a kowane bango, hannu a kan mota, shekara guda cur yana kallon duk wanda ya taɓa yi masa musu. Kafin magariba ya gama tsara komai. Zai riƙe bakinsa har a ɗauki hoton, idan an ɗauka sai ya ja 'yan kamfani gefe ya raɗa musu zancen ribas. Da daddare ya bayyana wa Mardiya dabarar, ta ce ita dai a tuna da bayanta.

Rayuwa da motar da ba ta ja da baya a cikin birni aiki ne na mai ilimi, kuma Hambali ya ba ta haƙƙinta. Ya daina tsayawa ko'ina sai inda gabansa yake a buɗe. Ya haddace duk lungun da ke ɓullewa da wanda ba ya ɓullewa. Daga Koki zuwa Kurmi, tafiyar da tsoho ke yi da ƙafa kafin ya cinye ɓarin goro, shi sai ya fita babban titi ya kewayo ta bayan kasuwa, ya iso rumfa rana ta take, maƙwabtansa sun riga sun sayar wa masu cinikinsa citta. Makullin kuwa ya ɗaure shi da igiya a wuya. Ko wanke motar za a yi, yana tsaye.

Wata rana ya rage wa Ɗayyabu hanya, suna hira har ya wuce ƙofar shagon da 'yan taku.

"Ka wuce, taubashi. Ɗan ja baya."

Hambali ya ƙara wuta.

"Ina kuma za mu?"

"Za mu zagayo."

"Ga shagon can ina hango shi. Sauke ni a nan in taka."

"Wanda ya shiga motata a ƙofarsa nake sauke shi. Ni ba ɗan adaidaita ba ne."

Suka fita titi, suka shiga cunkoso, suka biyo bayan wata motar rake mai tafiya kamar ba ta so. Ɗayyabu ya gyara zama ya ce, "Wai ni kam, motar nan tana da ribas kuwa?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Ga alamarsa nan a gabanka."

"Alama na gani. Shi ne ban taɓa gani ba."

"Ba kuwa za ka gani ba. Ribas yana cinye giya, duk wanda ya san mota ya san haka. Ban da haka ma, ni tun da nake ban taɓa sa abu a gaba na koma baya ba. Sai a mota zan fara?"

"Allah ya ƙara ilimi," in ji Ɗayyabu. Da suka iso shagon, wani mai hula da ke jiran sa ya gaji ya tafi.

Babbar jarrabawa ta zo ranar da 'Yardada ta roƙe shi ya kai ta suna Jakara. Ta shiga baya da ƙatuwar robar waina a cinya. Suka kutsa wani lungu da mota ɗaya kawai yake ɗauka, sun kai tsakiya sai ga mai kurar ruwa ya ɓullo daga gaba, bayansa adaidaita, bayan adaidaita wata motar itace, bayanta kuma abin da ido bai iya ƙirgawa. A bayan Hambali kuwa babu kowa, kuma ga wani ɗan fili da ya wuce yanzun nan, wanda da zai ɗan ja kaɗan da kowa ya samu hanya.

Mai kura ya ce, "Alhaji, ɗan koma kaɗan mu wuce."

Hambali ya kashe mota, ya zaro asuwaki daga aljihu.

Ɗan adaidaita ya sauko. "Baba, kai kaɗai ne fa, mu kuwa dubi bayanmu."

"Na riga ku shigowa."

"To an ji, ka riga mu. Don Allah ja baya."

"Don Allah kai ja."

Aka fara hon. Masu gidajen lungun suka fito, wani dattijo ya zo ya yi nasiha kan haƙuri da falalarsa, Hambali ya saurara har ƙarshe ya ce ya gode, a gaya wa na gaba. Wani ya ce a ba shi makulli ya ja masa, Hambali ya ɗage gilashi. Gumi ya jiƙa masa riga, don shi kaɗai ya san ko Sarkin Musulmi ne ya roƙe shi ba shi da yadda zai yi.

'Yardada ta taɓo shi ta baya. "Kai ɗan nan, wainar mutane tana hucewa. Girman kan na mene ne?"

"Inna, ba girman kai ba ne. Ƙa'ida ce."

Ana cikin haka waya ta yi ƙara. Bahijja ce, kira na biyu.

"Alhaji, yaya mota? Ina jin hayaniya, ko in sake kira?"

"A'a, yi maganarki. Jama'a ne suka taru a kan motarku. Duk inda na tsaya haka nake fama."

"Masha Allah. Har yanzu babu wata matsala?"

Wani ya daki bayan motar da tafin hannu. Hambali ya toshe kunne ɗaya ya ce, "Ko ɗaya. Yanzu haka ma ina cikinta, na kasa fita saboda daɗi."

'Yardada ta buɗe ƙofa, ta ɗora robarta a ka, ta raɓa ta jikin bango ta yi gaba tana faɗin ita da ta sani da tun farko ta taka sayyadarta. Can da rana ta yi zafi, aka ga mutumin nan ba zai motsa ba, sai motar itace ta fara ja da baya, na bayanta suka ja, adaidaita ya ja, mai kura ya ja yana Allah ya isa. Hambali ya tayar da mota ya bi su a hankali har bakin titi, yana ɗaga wa mutane hannu.

Abin mamaki, wannan ya ƙara masa suna. Kafin yamma labari ya kai Kurmi cewa Hambali shi kaɗai ya mayar da layin motoci baya a Jakara. 'Yan adaidaita suka riƙa kauce wa lungu idan sun hango ruwan toka. Shi kansa da ya ji labarin a bakin mutane sau biyu sau uku, sai ya fara yarda da cewa da gangan ya yi. Mardiya ce kaɗai ba ta shiga murnar ba, don duk ranar da lissafinsa ya kuskure ya tsaya inda ba mafita, ita ake tasa da sassafe a yi turi.

Sai ga kira na uku. An zaɓe shi. Za a zo ranar Asabar da hantsi a ɗauki hoto da bidiyo a ƙofar gidansa.

Hambali bai bar kowa bai sani ba. Ya ɗauko hayar rumfa da kujerun roba, ya gayyaci liman da mai unguwa da 'yan layinsu na kasuwa. Ya ɗinko babbar riga ta shadda mai hannu kamar buhu, ya kai wa Ɗayyabu hula ya ce a wanke ta wankin da za ta fito a kalanda. Ranar Juma'a da yamma ya zagayo ya tsayar da motar yadda ya dace, hancinta na kallon hanya, ya sa aka kafa rumfa da kujeru a bayanta. Bayan kujerun babu komai sai babbar kwatar unguwa. Ya duba gaba, ya duba gefe, ya tabbatar ko an ce ya motsa ta, gaba zai yi. Ya kwanta da farin ciki.

Da gari ya waye ya fito ya tarar da tulin yashi a gaban motar, ya kusa kai tsayin mutum. Tifa ce ta juye shi tun da duku-duku. Ya buɗe baki zai fara zagi, sai ladan ya ce masa ai yashin gyaran masallaci ne wani bawan Allah ya aiko sadaka. Hambali ya haɗiye zagin ya ce Allah ya saka masa da alheri. Ya juya zai kira Mardiya, sai ya ga baƙi sun riga sun fara zama a kujeru.

Da hantsi motar kamfani ta iso. Bahijja ta fito da takarda a hannu, tare da mai ɗaukar hoto, wani dogo mai suna Mikail. Aka gaisa, liman ya yi addu'a, Hambali ya jingina da mota ya ɗora hannu a kanta yadda ya yi ta gwadawa a gaban madubi.

Mikail ya leƙa kyamara ya ɗago. "Alhaji, yashin nan ya rufe gaban motar. A ɗan ja ta baya."

"Yashin masallaci ne. Ka ɗauke mu tare, albarka ce."

"Manaja ba zai karɓa ba. Kalandar mota ce, ba ta masu tifa ba."

"To a kwashe yashin. Ina matasan unguwa? A kawo shebur."

Liman ya yi gyaran murya ya ce magina na nan tafe, kuma su suka nuna inda za a zuba, ba zai so a taɓa kayan Allah saboda hoto ba.

"To ka ɗauka ta baya," in ji Hambali. "Bayanta ma ya fi kyau."

"Ai da ma akwai bidiyo," in ji Mikail. "Ana so a gan ka ka ɗora hannu a kan kujera, ka waiga, ka ja ta baya a hankali kana murmushi. Shi ne ake sawa a farkon talla. A ɗan matsar da kujerun tsakiya kawai."

Aka matsar da kujerun tsakiya. Kowa ya zuba ido. Hambali ya duba agogo, ya duba sama, ya ce a ganinsa hasken bai yi ba tukuna, a bari sai bayan azahar. Mikail ya ce haske ba zai fi haka ba. Hambali ya ce inji bai yi zafi ba. Aka tayar, ya yi zafi. Ya ce yana jin kamar alwalarsa ta karye.

Ɗayyabu ya taso daga kujera yana murmushi. "Taubashi, kawo makullin in ja maka. In ya so a kalandar a rubuta da taimakon Ɗayyabu."

"Hannun da ya saba da sabulu ba zai taɓa mini sitiyari ba."

Bahijja ta matso ta ce cikin ladabi, "Alhaji, kafin a fara, akwai tambayar da doka ta ce in maimaita, don yau garantinka yake ƙarewa. Ka tabbata babu wata matsala da kake so a gyara?"

Hambali ya buɗe baki zai ba da amsar da ya saba, sai wata murya ta fito daga bayan ƙofar zaure, ba da ƙarfi ba, amma babu wanda bai ji ba.

"Malam, ka gaya musu gaskiya. Wallahi bayana ya gaji da turin motar nan."

Mai unguwa ya sunkuyar da kai yana gyara carbi. 'Yardada ta ce, "Au, ashe shi ya sa." Ɗayyabu kuwa ya koma ya zauna, ya cire hularsa ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suna rawa.

Kunya ta rufe Hambali har ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma mutum irinsa ba ya daɗewa a cikin kunya, nan da nan yake samo wanda zai ɗora wa laifi. Ya juya kan Bahijja, ya yaye hannun riga.

"To tun da an zo nan, bari a yi ta ta ƙare. Jama'a ku shaida. Kamfanin nan mota marar ribas suka sayar mini. Tun ranar farko na gane, da jin ƙararta na gane, na yi shiru ne don in rufa musu asiri. Ni da iyalina mun sha wahalar da ba a faɗa. Makin da na ba ku na janye, har na sanyin. Rubuta sifiri."

"Alhaji, irin wannan motar ai ribas ɗinta..."

"Kada ki koya mini mota, Hajiya. Kai mai hoto, kunna abinka. Ɗauki wannan ka kai wa manajan naku ya gani da idonsa."

Ya faɗa cikin motar ya ja ƙofa. Ya leƙo ta taga ya ce kowa ya matso ya ga yadda ake cutar bayin Allah. Ya taka kuloci, ya cafki sandar giya da fushi ya fizge ta. A wuyan sandar nan akwai wani ɗan zobe da sai an ɗaga shi sama ribas yake shiga, abin da Isyaku ya so nuna masa ke nan ranar ciniki. Hannun babbar rigar ya naɗe zoben, fizgar da ya yi ta ɗaga shi, giya ta faɗa wurinta sumul. Hambali bai ji ba, yana can yana jawabi.

"Kun gani ko? Ga shi na sa. Ga totur na taka har ƙasa. Yanzu zan saki kuloci, in ta motsa ku canza mini suna."

Ya saki.

Motar ta zabura baya kamar an tsikare ta. Mutane suka watse, liman ya yi gefe da sauri irin wanda ba a san yana da shi ba. Ta bi ta inda aka matsar da kujeru, ta kwashi na bayansu, ta tumɓuke ƙafar rumfa, rumfar ta rufto a kan mai unguwa da 'yan kasuwa. Hambali ya nemi birki ya sake samun totur. Ba ta tsaya ba sai da ƙafafunta na baya suka faɗa kwata, aka ji ƙarar ƙarfe da fashewar gilashi, hancinta ya ɗaga sama, baƙin ruwa ya yi tsalle ya sauka a kan duk wanda ya yi saurin matsowa.

Allah ya kiyaye, babu wanda ya ji ciwo. Aka zaro mai unguwa daga ƙarƙashin rumfa yana neman takalminsa. Mikail bai sauke kyamara ba tun farko har ƙarshe.

Bahijja ta tako a hankali tana ɗage bakin mayafi, ta tsaya a gefen kwatar. Ta dubi but ɗin da ya lotse, da fitilun da suka tarwatse, da man da ke bin ruwa. Da gaske tausayinsa ya kama ta.

"Sannu, Alhaji. Ba ka ji ciwo ba?"

"Ku ɗauke ta ku gyara," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Kin ce garanti bai ƙare ba sai yau."

"Garanti na abin da ya zo a lalace ne, Alhaji. Ita kuwa lafiyarta ƙalau ta zo. Duk abin da ka gaya mini a waya gaskiya ne, yau ne kawai ka faɗi wanda ba haka ba."

"Kalandar fa?"

Ta dubi takardarta. "Ka ce in rubuta sifiri."

Ta yi sallama, suka shiga motarsu, direban ya ja da baya ya juya suka tafi. Hambali ya zauna a karkace cikin motar yana kallon sama ta gilashin gaba, igiyar makulli na lilo, sabuwar shadda ta sha ruwan kwata. Can sai ga fuskar Ɗayyabu a taga, idanunsa sun yi ja don dariya, ya miƙo hannu zai jawo shi.

Hambali bai karɓi hannun ba. Ya lalubo hularsa a ƙarƙashin kujera, ya karkaɗe ta, ya kafa a ka.

"Kai da kake cewa ba ta da ribas," ya ce. "Tsakaninka da Allah, duk Koki akwai motar da ke ja da baya da irin wannan gudun?"